Gidan Ɗan Hausa Da Hannuwan Da Ya Bi

Zuwa ga Edita,

Ina roƙonka ka ba ni ɗan fili cikin jaridarka in yi wa 'yan'uwana akawuna da malamai magana a kan wani tsohon gida da ke Nasarawa ta Kano, wanda ake kira Gidan Ɗan Hausa. Masu jin sunansa suna da yawa, amma waɗanda suka san hannuwan da ya bi kaɗan ne.

Yau Nasarawa ta haɗe da birni, amma da can ƙauye ce a bayan ganuwa, inda gandun Sarkin Kano yake. Kanawa suna cewa asalin gidan na wani mutumin sarki ne mai kula da gandun. Bayan Turawa sun ci Kano cikin 1903, sai gidan ya koma hannun wani Bature, Hanns Vischer, wanda aka haifa a ƙasar Suwizalan cikin 1876. Shi ne ya ƙetare hamada daga Tarabulus zuwa Barno cikin 1906, kuma saboda jin Hausarsa aka laƙaba masa Ɗan Hausa. Cikin 1909 ya buɗe makaranta a nan Nasarawa, ana koya wa malamai da 'ya'yan sarakuna boko, ana kuma koyar da sana'o'in hannu. Cikin 1912 ya fitar da ƙa'idodin rubutun Hausa da boko. Ashe ke nan duk mai karanta wannan takarda tawa yana da ɗan gado a gidan, ko bai taɓa taka ƙofarsa ba.

Abin da ya fi ba ni sha'awa shi ne, da ya tashi gyara gidan ya ƙara shi, bai ce a yi masa irin na ƙasarsu ba. Magina ya kira, suka yi masa da ƙasa, yadda suka gada. In ka tsaya a gabansa za ka ga bene ne, da zankwaye a bisa, da zane a fuskar bango, sai dai tagoginsa sun fi na gidajen cikin birni, don Bature yana son iska da haske.

To, bari in ɗan tsaya a kan irin wannan gini, don na lura yaranmu na yanzu sun fi sanin sunan bulo da na tubali. Tubali ana mulmula shi ne da hannu, gindi da faɗi, kai da tsini, a shanya a rana, kana a jera a cike tsakani da kwaɓaɓɓiyar ƙasa. Bango yakan yi kauri a ƙasa, yana sirancewa yana hawa, shi ya sa ɗakin ke da sanyi da bazara, da ɗumi da hunturu. Rufi kuwa da azara ake yi, watau tsagin giginya, wadda gara ba ta cika damunta ba. Amma azara ba ta ɗaukar nauyin ƙasa in tsakani ya wuce kamar ƙafa shida. Saboda haka in ana son ɗaki mai faɗi sai magini ya ɗaura bakan gizo: ya kafa azara cikin bango, ya ɗaura wata bisa wata, kowace tana ɗan leƙowa gaba, har na dama da na hagu su haɗu a tsakiya. Ba takarda, ba awon injiniya, sai ido da igiya. Sa'an nan a shafe waje da makuba, wadda ake samu daga ɓawon ɗorawa, rufi kuma a yi masa laso na katsin marina da gashin jima da dafara, a sa indararo ya zubar da ruwa nesa da gindin bango. Kai, mutanen da sun yi hikima!

Ɗan Hausa bai daɗe a gidan ba, yaƙin duniya na 1914 ya raba shi da Kano, ya rasu a Ingila cikin 1945. Bayansa Turawan gwamnati suka riƙa zama ciki. Aka sami mulkin kai cikin 1960, aka kafa Jihar Kano cikin 1967, daga baya gidan ya shiga hannun Hukumar Tarihi da Al'adu ta jihar, ya zama wurin ajiye kayan tarihi. Ku duba, jama'a: wanda bai cika shekara goma a ciki ba shi ya tafi da sunan gidan, maginan da suka ɗaura bakansa kuwa ba a kiran kowa da sunansu. Ban ce a sauya suna ba, ya cancanci a tuna da shi. Amma ni a ganina ginin ƙasa bai san mai takardar mallaka ba, mai yaɓe ya sani. Ko na wane ne, in damina biyu ko uku ta wuce ba a hau an toshe tsaga an gyara indararo ba, ruwa zai shiga azara, sauran labari kuwa kowa ya sani. Siminti kuma ba magani ba ne, don ba ya kama ƙasa. Yakan ɓoye laima a ciki, bango yana ruɓewa, fuska tana kyau.

Don haka roƙona ga mahukunta shi ne, kowane tsohon gida irin wannan a yanka masa kuɗin yaɓe kowace shekara kafin ruwa ya sauka, a ba Sarkin Magina da mutanensa aikin, a haɗa su da samari masu koyo. Malaman makaranta kuma in sun kai yara, kada su tsaya ga kayan da ke cikin akwatunan gilashi kaɗai. Su sa yaran su ɗaga kai su ƙirga bakan rufin, a faɗa musu sunan kowane abu da Hausa.

Wassalam. Ni ne naka,
Wani Akawu, Kano.