Bazara a bakin kogin Isa: tsuntsu da masunci abincinsu ɗaya

Daga watan Maris zuwa Mayu kogin Isa kan sauya kama a birnin Yamai. Ruwan da ya taso daga tsaunukan Gine, wanda ke cika kogin a Janairu da Fabrairu, yakan ja baya, tsibirai na rairayi su fito daga Gudel har zuwa Saga. A lokacin ne ya kamata mai son kallon tsuntsaye ya yi sammako ya sauka ƙarƙashin gadar Kenedi, wadda aka buɗe a 1970.

Zalɓe na tsaye cikin ruwa da ƙafa ɗaya, yana dakon ƙananan kifaye. Balbelu na bin shanu a gaɓar Harobanda, kirinjijiya kuwa garke-garke take tashi da kukanta mai kama da fito. Cikinsu akwai baƙi, wato agwagin daji da suka gudo wa sanyin Turai. A Maris da Afrilu suke kama hanyar gida, su ratsa Sahara. Suna tafiya shamuwa na isowa, manomi ya fara gyaran gona.

Masunta ba don nishaɗi suke kallon tsuntsayen nan ba. Bature kan ɗaura gashin tsuntsu ga ƙugiya, ya mai da shi kamar ƙwaro don ya yaudari kifi. Basarke kuwa tsuntsun da ransa yake karantawa. Inda zalɓe ya daɗe tsaye, nan ake jefa birgi, ko a dace da karfasa ko tarwaɗa.

Sai dai kogin na cikin wahala. A watan Yuni na 1985 ruwansa ya daina gudu a Yamai, abin da ya sa daga baya aka gina madatsar Gudel don ruwan shan birni. Rairayin da koramu ke kwasowa daga tuddan da aka sare wa itatuwa yana cike guraben da giwan ruwa ke ɓuya, raga mai ƙananan idanu kuma tana kwashe ƴaƴan kifi tun ba su girma ba.

Hukumar kula da kogin, mai ƙasashe 9, a Yamai take da mazauninta. Amma dasa itace bisa tudu da barin ƙaramin kifi ya girma aikin mutanen gaɓa ne. Ranar da zalɓe ya rasa abin kamawa a Gamkalle, masunci ma hannu wofi zai koma gida.