Gida Mai Taya, Adireshi Mai Yawo

Idan hunturu ya kankama a arewacin Amurka, dubban mutane sukan tuƙa gidajensu su nufi kudu. Manyan motoci ne masu gado da kicin da banɗaki, kuma wasu daga cikin masu su ba su da wani matsuguni sai su. A watan Janairu sukan cika hamadar da ta kewaye Quartzsite, wani ƙaramin gari a jihar Arizona. A yawancin filayen gwamnatin tarayya na wannan yanki, an yarje wa matafiyi ya yada zango kyauta har kwana 14, daga nan sai ya matsa gaba. Akwai 'yan fansho a cikinsu, akwai kuma matasa masu aikin ofis ta intanet.

Abin da ya daɗe yana jan hankalina a rayuwarsu tambaya ce guda: "Kana ina?" Mai gidan bulo ya amsa ta tun ranar da ya tare. Wanda gidansa ke bisa taya kuwa kullum sai ya sake amsawa. Shi ya sa manhajar nuna wuri ta zama musu kayan gida, kamar tankin ruwa da batir.

Sai mun rarrabe taurarin ɗan Adam iri biyu kafin mu gane aikinta. Na farko su ne na GPS, masu shawagi a nisan kusan kilomita 20,200. Su magana kawai suke yi, wayarka kuma saurare kawai take yi. Da zarar ta jiyo huɗu daga cikinsu sai ta lissafa inda take, amma ba ta mayar musu da komai. Na biyu su ne masu kawo intanet. A farkon shekarun 2000 matafiyan sun dogara da taurari masu nisan kilomita 35,786, sai an tsayar da mota an saita babban faranti, saƙo kuma yakan ci fiye da rabin daƙiƙa kafin ya je ya dawo. Taurarin Starlink na farko an ajiye su a kusan kilomita 550 ne kacal, kuma a 2022 kamfanin ya fitar da tsari na musamman don irin waɗannan motoci.

Mutane da yawa suna zaton tunda intanet ɗin daga sama yake saukowa, duk wanda ke ɗaya ɓangaren ya san inda suke. Sam. Adireshin IP da shafuka ke gani yakan nuna birnin da kamfanin ya haɗa layinka da sauran intanet, watakila ɗaruruwan kilomita daga zangonka. GPS ya san wurin amma bebe ne, intanet yana da baki amma bai san wurin ba. Manhajar ita ce ɗan aike tsakaninsu: ta karɓi lambobin wuri daga GPS, ta tura su wata sabar, sabar ta ɗiga alama a taswira.

Girka ta aikin mintuna ne. Shawarwarin da ke biyo baya su ne masu nauyi, kuma na ƙirga guda uku.

Ta farko, me ake bibiya, mutum ko mota? Waya tana bin aljihun mai ita har kasuwa. Na'urar da aka jona wa batirin mota kuwa gidan take nunawa. Wanda ya kunna duka biyun ga mutane barkatai ya sanar da su lokacin da gidansa yake babu kowa.

Ta biyu, a hannun wa bayanan suke kwana? Google Maps da Find My na Apple da Life360 suna da sauƙi, amma sabar ta kamfani ce. A Disambar 2021 jaridar The Markup ta ba da rahoton cewa Life360 na sayar wa dillalai bayanan wuraren masu amfani da ita. Manhajoji irin su OwnTracks da Traccar suna ba mutum damar riƙe tasa sabar. Sai dai Starlink yakan haɗa masu amfani da yawa a kan adireshi ɗaya, don haka kwamfutar da ke cikin mota ba ta samuwa kai tsaye daga waje. Mafita mai sauƙi ita ce hayar ƙaramar sabar a wani wuri tsayayye.

Ta uku, wa zai gani, kuma daidai har ina? A Janairun 2018 aka gano cewa taswirar Strava, wadda ta tattara hanyoyin masu motsa jiki, ta fito da siffar sansanonin soja a ƙasashe irin su Siriya da Afghanistan. Babu wanda ya yi kutse, kowa da hannunsa ya kunna. Abin da ya tona asirin sansanin soja ba zai raga wa mace mai kwana ita kaɗai a hamada ba.

Da jin haka wani zai ce a kashe abin baki ɗaya. Ban yarda ba. Dattijon da ciwon zuciya ya kama a filin da babu sunan titi, babu lambar gida, ba shi da abin da za a faɗa wa masu ceto sai waɗancan lambobi. Aikin jarida ya koya mini ɗabi'a guda: idan za ka shiga wuri mai haɗari, mutum ɗaya amintacce ya san ainihin inda kake da lokacin da zai ji daga gare ka, sauran jama'a su ji labari bayan ka fito. Haka nake ganin ya dace da matafiyan nan. Mutum ɗaya ko biyu su ga wurin daidai. Abokan tafiya su ga yankin kawai, ko su ga zangon jiya. Shafukan zumunta su jira sai an tashi.

Akwai kuma abin da ake yawan mantawa: alamar taswira tana iya tsufa. Farantin Starlink yana buƙatar sarari buɗaɗɗe, bishiya tana tare shi, batir yana ƙarewa, da yawa kuma sukan kashe shi da dare don tattalin wuta. Manhaja mai kyau takan adana bayanan ta tura idan layi ya dawo, amma mai kallo daga nesa wurin ƙarshe kawai yake gani. Dole a koya masa duba lokacin da ke jikin alamar. Wasu matafiyan ma sukan riƙe ƙaramar na'ura irin ta inReach, mai bin taurarin Iridium da batirinta daban, saboda ranar da babban layin ya yanke.

Saiti na ƙarshe da baki ake yin sa. Matafiyi ya zauna da 'yarsa ko ƙaninsa su yi yarjejeniya: shirun awa nawa ne ba komai ba, na awa nawa ne abin tsoro, kuma wa za a kira idan wa'adin ya cika. Idan ba a yi wannan ba, alamar za ta iya kwana uku wuri guda, kowa yana kallonta yana cewa ai hutawa yake yi.