Taliyar Masuntan Gandiya

Jirgin ƙasan da ke tashi daga birnin Balensiya ya nufi kudu yakan yi kamar awa ɗaya kafin ya sauke mutum a Gandiya, kuma rabin tafiyar cikin fadamar shinkafa ake yin ta. Daga Sollana zuwa Sueca har Cullera, gonaki ne shimfiɗe cikin ruwa a gefen tafkin Albufera, ga balbelu suna ta kiwo a ciki. Nan ne mahaifar paella, shinkafar da duniya ta san Sifaniya da ita. Sai an wuce Cullera gonakin lemo suke karɓar hanya, duwatsu su matso ta dama, Bahar Rum tana can ta hagu. Wanda ya ratsa wannan ƙasa zai ɗauka duk tukunyar da ya leƙa shinkafa zai tarar. Amma abin da Gandiya take tinƙaho da shi taliya ce, wadda ake dafawa da kayan teku a kasko ɗaya, suna ce mata fidewa.

Garin kashi biyu ne. Akwai cikin gari, inda fadar gidan Borja take, zuriyar nan da ta fitar da fafaroma biyu. Akwai kuma Grau, unguwar bakin ruwa, 'yan kilomitoci kaɗan daga can, inda kogin Serpis yake faɗawa teku. A Grau na sauka, a gidan wata dattijuwa mai ba da ɗaki haya, wadda mijinta ya yi rayuwarsa a su har shekaru suka zaunar da shi. A madafarta na ga girkin da ya sa nake wannan rubutu.

Jiragen kamun kifi na Grau tun kafin asuba suke fita, sai la'asar su dawo. Ana sauke kamun a akwatuna cike da ƙanƙara, a shiga da shi zauren gwanjo. Gwanjon nasu a juye yake da wanda muka saba: farashi daga sama yake farawa yana saukowa, wanda ya riga kowa danna maɓallinsa shi ya saya. Ba a hayaniya, ba a jan ciniki, cikin ɗan lokaci an watse da kifin zuwa shaguna da gidajen abinci. Manyan kifaye da jajayen jatan lande su ne masu kuɗi, kuma su ido yake fara kaiwa. Mai masaukina kuwa, da muka shiga shagon mai kifi, wani tire ta fara nufa a can gefe, wanda aka tara tarkacen kamu a ciki: ƙananan kifayen duwatsu masu ƙaya, 'yan kaguwa, da wasu halittu da ba wanda zai ɗora a faranti ya kai wa baƙo. Wannan tarkace suna ce masa morralla, kuma shi ne mafi arha a shagon. Ta sayi tuli guda, ta haɗa da kai da jelar wani kifi da ake kira rape, mummunan kifi mai ƙaton baki wanda naman jelarsa fari ne tas, ba ƙaya. Bayan nan ne ta zaɓi jatan lande, da wani ɗan'uwansa mai dogayen hannuwa da suke kira cigala, da sepia, wata halitta mai laushin jiki da hannuwa da yawa wadda ake yanka namanta gutsi-gutsi.

Musulmin da ya yi yawo a Sifaniya ya san wahalar teburinsu. Naman alade yana ko'ina, a rataye a shaguna, a ɓoye cikin miya, har cikin wake. Don haka kafin ta kunna wuta na tambaye ta abin da zai shiga kaskon, ta lissafa mini ɗaya bayan ɗaya: babu nama ko kitse, babu giya, daga abin da teku ta bayar sai abin da gona ta bayar. Mu kuma mabiya Malikiyya, halittun teku halal ne a wurinmu, mai ɓawo da mara ɓawo. Na zauna hankalina kwance, abin da ban cika samu ba a teburin ƙasar.

Romo ta fara yi. Ta ɗan soya tarkacen kifin da kan rape a man zaitun tare da albasa, ta zuba ruwa, ta bar shi ya tafasa a hankali minti 20 zuwa 30, tana kwashe kumfar da ke tasowa. Ba a barin romon kifi ya daɗe a wuta kamar na ƙashin saniya, domin ɗanɗanonsa yakan juya. Ta tace shi, tana danna kifin da bayan ludayi don kada komai ya rage a ciki. Ta ce ba kullum take wannan aiki ba. Ranar da morralla ta yi kyau sai ta dafa da yawa, ta zuba a robobi ta daskarar, duk ranar da take son fidewa sai ta ciro ɗaya. Saurin girkin a nan ya samo asali: an riga an yi mai wuyar tun wata rana, abin da ya saura bai fi rabin awa ba.

Kaskon na ƙarfe ne, mai faɗi, mara zurfi, da hannu biyu, irin wanda ake paella a ciki. Faɗin nan da dalili, domin ana son taliyar ta kwanta siririya, kowane sili ya samu wuta ya samu romo, ruwan kuma ya tsotse da wuri. Ta zuba man zaitun, da ya yi zafi ta jera jatan lande da cigala, minti ɗaya kowane gefe, ta kwashe. Ba don su nuna ta sa su ba, don su bar wa man ɗanɗanonsu ne, kuma nan take man ya koma ja-ja, ƙamshi ya cika gidan. Yankan rape ya bi, shi ma ta kwashe da wuri. Sepia ce ta ɗan daɗe, tana tsalle tana fetsa mai, har ta yi launin zinariya. Sai albasa yankakkiya ƙanana, sai tafarnuwa. Daga nan ta barbaɗa garin tattasai mai zaƙi, wanda ba ya da yaji ko kaɗan, ta juya sau biyu, ta bi shi da gurzajjen tumatir ba tare da ɓata lokaci ba, domin garin nan in ya ƙone ɗaci yake yi, kuma ba abin da zai gyara kaskon bayan haka. Ta tsaya a kan tumatirin har ruwansa ya ƙafe, mai ya fito ta gefe.

Taliyar gajera ce, tsawonta bai kai gaɓar yatsa biyu ba. A Sifaniya da lamba ake sayar da ita gwargwadon kaurinta, mutanen Gandiya kuma mai ɗan kauri suke so, lamba 3 ko 4. Giram 100 take auna wa kowane mutum, mu huɗu ne, ta zuba giram 400 a bushe cikin kaskon, ta juya har kowane sili ya sha mai. Sannan ta kwarara romo mai zafi, lita ɗaya da ɗan ɗori, ta murje 'yan silin za'afaran a ciki, ta ɗanɗana gishiri, ta baje taliyar ko'ina daidai. Daga nan ta ajiye ludayi, ba ta sake juyawa ba. Wuta mai ƙarfi da farko, sannan ta rage. Da romon ya kusa tsotsewa ta mayar da rape, ta jera jatan lande da cigala a sama. Minti 10 zuwa 12 taliyar ta yi a wuta, sai ta kashe, ta bar kaskon ya huta minti biyar.

Duk wanda ya taɓa cin dafa-dukan taliya ya san gaskiyar da ke cikin wannan dabara. Taliyar da aka tafasa a ruwan banza aka tsane, miya a bayanta kawai take zama. Wadda ta nuna a cikin romo kuwa, romon ne ya shige ta har ciki. A girkin nan ba a zubar da ko cokali ɗaya na ruwa. Man da ya soya jatan lande shi ya soya sepia, shi ya soya tumatir, shi ya lulluɓe taliya, kuma abin da tarkacen kifin nan na arha ya bayar duk ya ƙare a cikinta. Da na kai lomar farko na gane cewa kayan tsadar da aka jera a sama ado ne da ƙari. Daɗin yana cikin taliyar, kuma daga tiren gefen shago ya fito. Wannan ya burge ni ƙwarai, kuma ina ganin hikima ce ta mutanen da suka san wahalar kamu, ba su yarda wani ɓangare nasa ya tafi a banza ba.

Wajen ƙarfe biyu na rana suke cin abincin rana, kuma shi ne babban abincinsu. Aka ɗora kaskon a tsakiyar tebur, kowa ya ci daga gabansa, ana ɓare jatan lande da hannu, ana matsa lemon tsami. Silin taliyar da ke sama sun ɗan bushe sun yi ƙaras-ƙaras, na tsakiya da laushi, a ƙasa kuma ga ƙanzo siriri manne da ƙarfe, wanda maigidan ya kankare da cokali ya turo mini a matsayin rabon baƙo. A gefe akwai allioli, tafarnuwa da gishiri da aka daka a ɗan turmi ana ɗiga man zaitun har ya yi kauri. Maigidan yana lafta shi a kan kowace loma. Matarsa ko taɓawa ba ta yi ba, a ganinta tafarnuwa mai yawa tana danne romon da aka sha wahalarsa. Na gwada duka biyun, kuma bayanta nake bi.

Maigidan ne ya ba ni labarin asalin abincin, labarin da kowa a Grau ya sani. A farkon ƙarni na 20, a wani jirgin su mai suna Santa Isabel, kuku yakan dafa wa ma'aikata shinkafa da romon kifi. Shugaban jirgin mutum ne mai son shinkafa, yakan cinye fiye da rabonsa ya bar sauran da yunwa. Sai kukun ya sa taliya a madadin shinkafa, da fatan ba za ta yi wa shugaban daɗi ba. Ta yi masa daɗi, ta yi wa kowa daɗi, daga jirgi ta sauka gidajen cin abinci na bakin tasha, daga nan ta bazu. Wasu kuma cewa suke yi shinkafa ce kawai ta ƙare a jirgin. Ko wanne ne, siffar girkin ta nuna inda aka haife shi. A jirgin da ke tangaɗi a kan ruwa murhu ɗaya ne, ruwan daɗi a ƙididdige yake, ba a da wurin tafasa taliya daban a yi miya daban, kuma kifin da ba zai sayu ba shi ne na tukunyar ma'aikata.

Ita kanta gajerar taliyar ta girmi wannan jirgi da ɗaruruwan shekaru. Ibn Razin al-Tujibi, haifaffen Mursiya a ƙarni na 13 wanda ya ƙare rayuwarsa a Tunis, ya rubuta littafin girke-girken Andalus mai suna Fudalat al-Khiwan, kuma a ciki ya bayyana ƙananan taliya da ake murzawa da yatsu, a shanya, a dafa cikin romon nama. Wannan yanki ƙasar Musulmi ne har zuwa zamanin sarki Jaime na Ɗaya na Aragon, wanda ya ci Balensiya a 1238. Kangon ganuwar Bairén yana nan a kan dutse arewa da Gandiya, unguwanni da ƙauyukan kewaye kuma har yau da sunayensu irin su Beniopa da Benipeixcar da Beniarjó. Jikokin waɗancan Musulmi su suka ci gaba da noman raken da ya arzuta gidan Borja, har aka kore su a 1609, aka loda su a jirage daga tashoshi irin su Dénia, ɗan kudu da nan, zuwa Arewacin Afirka. Kusan kashi ɗaya cikin uku na mutanen masarautar Balensiya ne suka tafi a wannan kora. Shinkafar da na ratsa a hanya da za'afaran ɗin da ya rina kaskon, duka a zamaninsu suka kafu a ƙasar. Na yi tunaninsu sosai a teburin nan, kuma abin ya taɓa ni.

Yau fidewa ta wuce Gandiya nesa. A Kataloniya siririyar taliya suke amfani da ita, su soya ta a mai har ta yi ja kafin romo ya shiga, in ta nuna sai silin su miƙe tsaye a saman kasko. Mutanen Gandiya suna kallon wannan a matsayin wani abinci daban. Garin yana shirya gasar fidewa kowace shekara, masu girki suna zuwa daga ƙasashe, kowa da kaskonsa. Amma mai masaukina ta ce wadda ta fi yi a gidanta ba ta kai ta ranar nan ado ba. Cigala da rape na ranar Lahadi ne, ko ranar baƙo. A tsakiyar mako sepia kaɗai take sawa, ko 'yan jatan lande daskararru, in dai romon na kirki ne. Jirage ba sa fita Asabar da Lahadi, don haka ranar Litinin ba ta zuwa shagon mai kifi. Roba ɗaya take cirowa daga firji tun da safe, kafin jikokinta su taso daga makaranta abinci yana kan tebur.