A Bar Giɓi Inda Yake

Mu ɗaliban harshe mun saba ɗaukar lamba a matsayin kayan 'yan lissafi, alhali kuwa duk wanda ya fita tattara kalmomi ko karin magana, da lamba zai fara aikinsa. Ni dai a nan Maiduguri na fahimci haka, lokacin da mu huɗu muka ɗauki aikin tattara kalmomin da Hausar garin nan ta aro daga harshen Kanuri, irin su bulama da lawan.

Mun zaga unguwannin Hausari da Gwange da kasuwar Gamboru muna hira da dattawa. Duk kalmar da muka samo sai mu shigar da ita rumbun bayanai na Microsoft Access, shi kuma ya ba ta lamba da kansa. Wannan lambar muke rubutawa a littafin da muke fita da shi, ita ce kuma sunan muryar da muka naɗa a waya.

Da muka zauna tacewa, sai muka goge kalmomin da suka shigo sau biyu. Nan take jerin ya zama kamar bakin tsoho: daga 213 sai 215. Wani abokin aikinmu ya ce lallai a sake jera lambobin tun daga ɗaya, kada Malam ya gani ya zaci sakaci muka yi. Ni kuwa na ƙi, domin garin neman gira ake rasa ido.

Dalilina shi ne, a rumbun bayanai wannan lamba matsayin suna take da shi. Jimlolin misali da muryoyin da muka naɗa duk da ita suke gane kalmarsu. Idan 215 ta koma 214, bayanin da wata dattijuwa ta yi kan wata kalma zai manne wa wata kalmar daban, kuma kwamfuta ba za ta ce uffan ba. Sai ranar kare aiki mutum ya ji kunya, ko kuma kuskuren ya shiga kundi, na baya su kwafa.

Haka kuma, giɓi yakan samu ko ba a goge komai ba. A Access, da zarar ka fara shigar da bayani an ware maka lamba. In ka fasa, ta tafi ke nan. An tsara shi haka ne don kada mutum biyu da ke aiki lokaci guda su sami lamba ɗaya.

To, yaya ake yi a inda ake bukatar jeri cikakke? Dubi littafin rasit. Idan mai karɓar kuɗi ya ɓata shafi, ba ya yage shi. Yakan ja masa layi ya rubuta an soke, ya bar shi a ciki, domin mai binciken kuɗi zai tambayi duk lambar da bai gani ba. Wannan dabara muka ara. Muka daina gogewa, muka ƙara gurbi guda da ake rubuta an soke tare da dalili. Jerin da za a miƙa wa Malam kuwa, sai muka ba shi lambobinsa na daban, waɗanda ake ƙirgawa lokacin bugawa.

Amfanin haka ya fito fili a watan Satumba na 2024, lokacin da madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle, ambaliya ta mamaye Gwange da wasu sassan gari. Littafin ɗaya daga cikinmu ya jiƙe, tawada ta narke. Da yake lambobin ba su taɓa sauyawa ba, muka gwada abin da ke cikin rumbu da muryoyin waya, muka san ainihin kalmomin da suka rasa bayani, su kaɗai muka koma tambayowa.

Saboda haka, 'yan'uwana ɗalibai masu shirin fita bincike, ku ba kowace kalma lambarta tun ranar farko, ku rubuta ta duk inda kalmar ta bayyana, kada kuma ku ɗauke ta ku ba wata.