Abin da Littafin Unguwa Ya Koya Mini

Shekarun da na yi ina aikin sa-kai a kwamitin lafiya na mazaɓarmu sun nuna mini cewa rajistar asibiti ba ta san kowa ba sai wanda ya zo da ƙafarsa. Binciken lafiyar al'umma na ƙasa na shekarar 2018 ya gano cewa kashi 39 cikin ɗari ne kawai na haihuwa a Najeriya ake yi a asibiti, a Arewa maso Yamma kuwa ko kashi 20 bai kai ba. Ke nan yawancin jariranmu a ɗaka suke faɗowa, wasunsu su koma ga Allah ba tare da sunansu ya hau kowace takarda ba.

Amma akwai waɗanda suka san da su. Ungozoma ce ta yanke cibiya, wanzami ya yi askin suna, liman ya raɗa suna, shi ne kuma yake sallar jana'iza. Da muka roƙi mai unguwa ya ajiye littafi, waɗannan mutane su riƙa kawo masa labari duk mako, sai muka fara ganin yaran da allurar rigakafi take tsallakewa. Wannan ne darasi na farko.

Darasi na biyu, tambaya ma sai da ladabi. Idan ka ce wa uwa, “'Ya'yanki nawa?” tana iya tsallake ɗan fari saboda alkunya, waɗanda suka rasu kuwa ba za ta taɓo su ba. Mace 'yar'uwarta ce za ta zauna a kan tabarma, a gaisa, a tambayi haihuwa nawa aka yi, nawa Allah ya raya. A nan gaskiya take fitowa.

Na uku, jimillar ƙaramar hukuma tana rufe ciwo. Sai an rarraba lissafin unguwa-unguwa, wata-wata, sannan yake magana. Ta haka muka ga tamowa tana ƙaruwa a tsakiyar damina, lokacin da rumbu ya yi ƙasa, sabon hatsi bai nuna ba, zazzabin cizon sauro kuma ya taso. Yaron da ma'aunin damtse ya nuna ja, wato ƙasa da santimita 11.5, ba a jira da shi. Abin da ya faru a Zamfara a 2010 ya isa ishara: yawan mutuwar yara a ƙauyukan Anka da Bukkuyum ne ya ja hankalin ƙungiyar agaji ta Likitocin Na-gari Na-kowa, aka bincika aka tarar gubar dalma ce daga duwatsun zinariya da ake niƙawa a cikin gidaje. Yara sama da 400 suka rasu. Mutanen ƙauyukan sun riga kowa sanin yawan kaburburan.

Na ƙarshe, bayanan nan amana ne. Ba a bayyana sunan gida a bainar jama'a, kuma ba a kwashe lissafi a tafi da shi birni a bar masu shi a duhu. Duk lokacin da muka karanta sakamako a ƙofar mai unguwa, magidanta da kansu suke yanke shawarar gyaran rijiya ko tanadin motar kai mai naƙuda asibiti. Jama'ar da ta ga amfanin lissafinta ba ta gajiya da bayar da shi.