Daga Sokode zuwa Dapaong: Tukunya Ɗaya Ta Ishi Gida, Har da Wanda Ba Ya Cin Nama

Hanyar da ta taso daga Lome ta miƙe arewa har Sinkase, bakin iyakar Burkina Faso, yawancinmu ta tagar mota muka san ta. A tsaya Atakpame a sha ruwa, a yi salla a Sokode, in dare ya yi a kwana Dapaong, wadda tsofaffinmu har yau suke kira Dapango. A wannan karon na ce ba zan gaida 'yan uwa a tsaitsaye ba. Na yi kwana shida gidan yayana a Sokode, na yi biyar wajen gwaggona a Dapaong. Kowane gida cikin biyun akwai wanda ba ya cin nama, kuma a kowanne na zauna gindin murhu na ga yadda ake raba tukunya da abin da ake yi da ragowa. Shi ne na ce bari in kawo wa 'yan uwana matan zango, da kuma mazan da ke ba da kuɗin cefane.

Sokode tana da nisan kilomita kusan 340 daga Lome. Garin Kotokoli ne, masu kiran kansu Tem, kuma mafi yawan mutanensa Musulmi ne. Bahaushe ba baƙo ba ne a nan. Unguwar Didaure zangon fatake ce tun lokacin da ayari ke tasowa daga ƙasar Hausa zuwa Gwanja sayen goro, kafin Jamusawa su kafa barikinsu a ƙarshen ƙarni na 19. Da ka shiga kasuwa za ka ga doya tuli-tuli, ga waken suya a buhu, ga awara ana soyawa, ga wagashi, cukun nan na Fulani da ake daskarar da shi da tumfafiya a rina bayansa ja da karan dafi. Da safe kuwa kowane lungu akwai mai waci, wato shinkafa da wake.

Babban ɗan yayana ya yi karatu a Indiya. Da ya dawo sai ya ce shi ya bar nama da kifi, amma yana shan nono yana cin ƙwai. Abin ya tsaya wa uban a rai. Shi a wajensa tuwon girma miyarsa nama, kuma yana jin kunyar abokan kasuwa su zo su tarar da ɗansa na cin tuwo da miya lami, kamar an kasa ciyar da shi. Uwar kuma, don kada ɗanta ya kwana da yunwa, sai ta shiga ɗora miya biyu kullum. Ita ta ba ni labarin da bakinta muna gyaran kuɓewa.

Ta ce, "Gwaggonsu, wata uku na yi ina wannan wahala. Murhu biyu, gawayi biyu, mai biyu. Tasa tukunyar ƙarama ce amma ba ya cinye ta, yara kuma ba sa taɓawa tunda ga mai nama. Kafin safe ta yi tsami, sai bola. Ina zubarwa ina jin kamar kuɗin Alhaji nake zubarwa."

Mafita daga maƙwabciyarsu ta zo, wata Bakotokoliya mai sayar da waci. Ita miyarta guda ce, ba nama a ciki. Naman tana soya shi daban, kifi daban, ƙwai daban, wagashi daban, kowa ya zo ya nuna abin da aljihunsa zai ɗauka a ɗora masa. Matar yayana ta ce ai kuwa gida ma haka ya kamata. Yanzu miya ɗaya take yi. Ta soya albasa sosai har ta yi ja, ta sa daddawa mai kyau, da citta da tafarnuwa da kayan miya. In miya ta haɗu sai ta ɗebi ta ɗanta a kwano, ta jefa masa soyayyar awara ko wagashi, sannan ta juye nama da romonsa a sauran. Wata rana ma ba ta juyewa, a faranti take sa wa kowa tsokarsa.

Riba uku ta lissafa mini. Gawayi ya koma yadda yake a da. Nama ya fi auki, don yanzu da ƙirge ake raba shi, ba wanda zai yi ta laluben tukunya. Miyar da aka rage ba nama kuwa ta fi jure kwana in an tafasa ta da dare. Sai dai ta ja kunnena a kan abu guda: amana. Kada a ce wa mutum babu nama alhali an sa garin kifi, ko dunƙulen ɗanɗano mai hoton kaza ko jatan lande. Ranar da ya gane, ya daina yarda da tukunyar gidan ke nan, ya koma cin abincin waje, naki kuma ya kwana a rufe.

Inda aka fi kai ruwa rana shi ne Babbar Salla. Yayana ya rantse sai ɗan ya ci naman layya. Da abin ya yi zafi aka je wajen wani malamin zango, ya ce musu ci daga layya abin so ne amma ba tilas ba, kuma wanda ya bar nama don ransa ba ya so bai yi laifi ba, muddin bai ce haramun ne ba. Daga nan aka ba yaron aikin rabo. Shi ke ƙulla kason maƙwabta da na mabuƙata, ya hau babur ya kai gida-gida tun naman yana ɗanye shar. A da sai a tara a gida a ce za a soya gobe, wuta ta ɗauke, firji ya huce, a wayi gari wani ya fara wari. Yaya ya ce mini, "Auta, har yanzu ban gane masa ba, amma na bar shi. Ya fi kowa amfani ranar layya."

Na tambayi yaron ko ba ya jin kasala. Ya ce, "Gwaggo, wake da waken suya da gyaɗa sun ishe ni gina jiki. Abin da ganye ba ya bayarwa shi ne bitamin B12, shi ya sa ba na wasa da nono da ƙwai da wagashi." Gaskiyarsa ce. Wanda ya bar nama har da nono da ƙwai, lallai ya ga likita a rubuta masa ƙwayar, musamman mai ciki da mai shayarwa. In an ci wake ko zogale a haɗa da tumatir ko lemon tsami, a ɗan jinkirta shayi, jiki ya fi ɗaukar sinadarin ƙarin jini.

Daga Sokode na kama hanyar arewa. Aka wuce Alejo inda aka fasa dutse hanya ta ratsa, aka sauka Bafilo, sai Kara, sai Kante, aka haye kogin Oti a Mango. Kana tafiya daji na buɗewa, dogayen itatuwa na raguwa, kuka da ɗorawa da kaɗanya na ƙaruwa, har ka ji kamar hanyar Maradi kake. Tun watan Yunin 2022 yankin Savanes yake ƙarƙashin dokar ta-ɓaci saboda matsalar tsaro, don haka shingayen bincike sun yi yawa. A riƙe takardu a hannu, kuma a daure a isa da rana.

Dapaong ta fi kilomita 600 daga Lome. Ƙasar Moba da Gurmawa ce, ƙasar gero da dawa da zabi. Mutanen nan sun daɗe da sanin darajar hatsi. A kudu da gari, yankin Tanjuware, akwai kogunan dutse na Nok inda kakanninsu suka gina rumbunan laka sama da 100 a jikin hayi, suna ɓoye abinci da iyali lokacin hare-hare. Tun shekarar 2000 wurin yake cikin jerin da Togo ta miƙa wa UNESCO. Amma da rani, in tumatir ɗin lambu ya faɗo kasuwa lokaci guda, za ka ga kwanduna suna tsiyaya a rana ba mai taya su.

Gwaggona tun tana yarinya a Maradi ba ta iya haɗiye nama ba. Abin dariyar, marigayi mijinta mahauci ne. Ta shekara arba'in tana dafa nama ba ta ɗanɗana ba, kishiya ko 'ya ke taɓa mata gishiri. Ba ta da firji, ga zafin Maris da Afrilu da ke kaiwa digiri 40, amma na kwana biyar ban ga an zubar da lomar tuwo ba.

Aikinta na farko da safe ƙirga baki ne. Ta aika jika ya tambayo wa zai ci rana a kasuwa, wa ya tafi Sinkase, direbobin albasa nawa suka sauka. Sannan ta auna gari da kwano, ta ƙara na mutum ɗaya saboda baƙo. Ta ce, "'Yar nan, gidan fatake ba a dafa masa abinci da ka. Jiya goma ne, yau huɗu. In kin dafa na jiya, akuya ta gode miki."

Abin da ya rage kuwa kowanne da makomarsa. Tuwon dare ɗumamen safe ne. Ƙanzo a shanya shi, in ya taru a jiƙa a kwaɗa da ƙuli-ƙuli da albasa. Waken da ya kwana a tafasa shi a zuba a fate. Ɓawon doya da dusar awara na awaki ne. In tumatir ya yi arha ta sayi kwando, mai kyau a yanka a shanya a kan tabarma mai tsabta ya zama kauɗa, wanda ya yi laushi a markaɗa a dafe ranar. Haka kuɓewa da zogale da yakuwa, sai dai ganye a inuwa take busar da shi don kada ya koɗe.

Firjinta randa ce cikin randa, da jiƙaƙƙen yashi a tsakani, an rufe da tsumma mai laima. Ruwan da ke tashi daga yashin shi ke janye zafi. Wani malami daga Jigawa, Mohammed Bah Abba, shi ya yaɗa dabarar har ya samu kyautar Rolex a shekarar 2000. Ta fi aiki inda iska ta bushe, shi ya sa ta fi dacewa da Dapaong da rani a kan Lome. Wakenta kuma a buhun PICS yake, mai ruɓi uku, wanda jami'ar Purdue ta Amurka ta ƙirƙiro. In an ɗaure shi tam iska ba ta shiga, ƙwari su mutu ba tare da an sa magani ba.

Akwai abu biyu da ba ta tattali a kansu. Shinkafar da ta wuni a buɗe cikin zafi ba ta ba yara, don akwai ƙwayar cutar da ke barin guba a ciki wadda ɗumamawa ba ta kashewa. Gyaɗa ko masarar da ta yi fumfuna kuwa ko dabba ba ta ba, saboda gubarsu hanta take ci. Ta ce kuɗin asibiti ya fi kuɗin kwanon shinkafa.

Hukumar kula da muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2022 an zubar da abinci tan biliyan 1.05 a duniya, kuma kashi 60 cikin 100 daga gidaje ya fito, kusan kilo 79 ga kowane mutum a shekara. Rahoton ya nuna ba ƙasashen masu kuɗi kaɗai ba ne, har da namu. Mu a zango, abin da ke sa mu zubar yawanci kunya ce: kada a ce tukunyar gidan Alhaji ƙarama ce. Alhali almubazzaranci shi addini ya hana, ba ƙaramar tukunya ba.

Don haka maigida, in ba za ka ci a gida ba, kira ka faɗa tun kafin a ɗora sanwa, waya tana aljihunka. Uwargida, ƙirga baki kafin ki auna, ki ɗebe wa mara cin nama kafin ki juye romo. Wanda ya bar nama shi ma ya sauƙaƙa wa masu girki, ya sayo awararsa ko wagashinsa in ya fita, ya zauna a ci tare da shi a tabarma ɗaya. Allah Ya sa albarka a abincinmu, Ya kai matafiyanmu gida lafiya.