Tumbin da muke yi wa kirari

A zangunanmu, daga Nima har Aboabo ta Kumasi, in mutum ya ajiye tumbi sai mu ce hutu ya zauna masa. Amarya kuwa in ba ta cika ba bayan shekara, dangin miji ake harara. Amma mu da ke riƙe da littafin gudummawa a zauren Sarkin Zango mun san abin da ake yawan tara wa kuɗi yanzu: ciwon suga, hawan jini, shanyewar ɓarin jiki.

Likitoci sun haɗa waɗannan a zuriya ɗaya, wadda za mu kira taron cututtukan ƙiba. Alamunta biyar ne: faɗin ƙugu, hawan jini daga 130 bisa 85, sukarin jini daga 100 kafin karin kumallo, yawan maiƙo a jini, da ƙarancin kolestarol mai amfani. Wanda ya haɗa uku ya shiga sahu, ko da yana jin kansa garau.

Abin da ya fi ɗaukar hankalinmu shi ne yadda ɓarnar ke gudana. Duk mai tuyar ƙosai ta san man da aka bari a buɗe, aka yi ta maimaita suya da shi, yakan sauya wari, don iska ta ci shi. Irin wannan ci na faruwa a jikin ɗan Adam. Kitsen ciki ba ajiya ba ce da ke kwance shiru. In ya yi yawa yakan fitar da burbushin iskar oksijin mai zafin kai, wanda ke lalata maiƙon jiki da bangon jijiyoyi kamar yadda tsatsa ke cin kwanon rufi, ya kuma hana insulin aikinsa. A 2004 masu bincike a Japan suka nuna, a mutane da ɓeraye, cewa wannan tsatsa tana ƙaruwa da taruwar kitse. Ana gane sawunta da sinadarin malondiyaldehaid a jini, wanda shi ma ake samu a lalataccen mai, ko aisofurostan a fitsari. A lokaci guda masu kare jiki, irin su gulutatayon, sukan ragu.

Waɗannan gwaje-gwaje na masu bincike ne, ba su ake yi wa kowa a asibiti ba. Kada kuma a ruɗe mu da kwalaben da ake tallatawa a tasha da sunan wanke jini: manyan gwaje-gwajen ƙwayoyin bitamin E ba su nuna suna hana ciwon zuciya ba. Abin da ya tabbata shi ne rage kashi 5 zuwa 10 cikin ɗari na nauyi, tafiyar ƙafa ta minti 150 a mako, da sassauta wa lemon kwalba da shayi mai kaurin madara.

Awon da ke hannunmu yana wurin tela. Ƙungiyar Ciwon Suga ta Duniya ta sa iyakar ƙugu a santimita 94 ga namiji, 80 ga mace. Babbar riga tana rufa asirin tumbi, amma telan da ya ɗinka wandon sallar bara ya san lambar.